Gunkin itace na Japan da ya faɗo a kayan gwanjo: da gaske na ƙarni na 12 ne?

"Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, kayan gargajiya nake saye da sayarwa a nan Burasel, yawanci sassaƙen Afirka. Kwanan baya na sayi kwali guda a gwanjon kayan wani tsohon Bature da ya rasu, sai na tarar da wani mutum-mutumi na itace a ciki wanda da gani ba namu ba ne. Tsayinsa santimita 28, namiji ne a zaune da doguwar hula, hannayensa a haɗe a ƙirji da ɗan rami a tsakani, ƙafafun kamar ba a gama sassaƙa su ba. Bayansa ya tsage tun daga wuya har ƙasa, ga hudar ƙwaro ko'ina, ga ɗan sauran fari-fari a fuska. An manna wata tsohuwar takarda a gindinsa da Faransanci, wai abin bautar Shinto ne na Japan, zamanin Heian, ƙarni na 12. Don Allah gaskiya ne? In na cike tsagar na shafa masa mai zai fi tsada? Ko kuwa in haɗa shi da kayan da zan tura Kano ya zauna a sito sai farashi ya tashi?"

Wa alaikumussalam Alhaji. Abu uku ka tambaya, wato mene ne shi kuma shekarunsa nawa, a gyara shi ko a bar shi, sannan a ina ya kamata ya zauna. Bari in fara da na gaggawa tun kafin hannunka ya kai ga kwalbar mai: kar ka shafa masa komai, kar ka cike tsagar, kar ka ɓare takardar nan ta gindi, kuma kar ya shiga kwantena. Dalilai suna tafe. Ni aikina gyara da adana kayan tarihi na itace ne, kuma irin wannan sassaƙen ya sha biyowa ta teburina, yawanci bayan wani ya riga ya "gyara" shi.

Yadda ka siffanta shi ya yi daidai da abin da Japanawa suke kira shinzo, wato sassaƙen kami, abubuwan da mabiya Shinto, addinin gargajiya na Japan, suke bauta wa. Namiji a zaune cikin kayan fada, doguwar hular nan ita ce kanmuri ta manyan fadawan Kyoto, ramin da ke tsakanin hannayensa kuma wurin wata 'yar siririyar sanda ce mai faɗi da ake kira shaku wadda fadawa suke riƙewa a gaban sarki, daban ake sassaƙa ta a soka shi ya sa kusan kullum ita ke fara ɓacewa. To ta fuskar nau'i dai takardar ba ta yi ƙarya ba. Maganar shekaru ce ke da tsawo.

Me ya sa yake kamar ba a gama shi ba

Asali Shinto ba addinin sassaƙa ba ne. Mutanen da can suna ganin kami yana sauka a dutse ne, ko tsauni, ko wata tsohuwar bishiya, ko madubi, ko takobi. Har yau a babban wurin bautar Ise abin da ake ajiye da shi a can ciki madubi ne, ba mutum-mutumi ba. Sai da addinin Buda ya shigo daga Koriya a ƙarni na 6 da gumakansa na tagulla masu ƙyalli tukuna aka fara tunanin ai su ma kami za a iya yi musu fuska, kuma ko a hakan ma an ɗauki kusan shekara 200. Rubutu mafi daɗewa da ake kafa hujja da shi na wurin bautar Tado ne, ya ce a shekarar 763 wani malamin Buda mai suna Mangan ya sassaƙa wa kamin wurin siffa. Waɗanda suka rage har yanzu ana ganinsu kuwa daga ƙarni na 9 suka fara: guda uku, wato wani kami mai suna Hachiman da mata biyu, a haikalin Toji da ke Kyoto, guda uku na Matsuo Taisha su ma a Kyoto, kusan girman mutum a zaune, sai ƙananan nan uku na Yakushiji a Nara waɗanda aka yi tsakanin 889 da 898, ko santimita 40 ba su kai ba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne Hachiman ɗin ana yin sa da askakken kai da rigar malamin Buda, don a lokacin addinan biyu sun cakuɗe, har aka zo ana cewa kami ai Buda ne da 'yan tawagarsa suka sauya kama suka bayyana wa mutanen Japan.

Amma akwai bambanci babba tsakanin gunkin Buda da wannan naka. Na Buda don a kalla ake yin sa, a ɗora shi a sama, a kunna masa fitila, jama'a su shigo su gani. Na kami kuwa ana gama shi sai a naɗe shi a saka can cikin ƙuryar ɗakin bauta a rufe ƙofa, kuma akwai wuraren da limamin da ke kula da wurin ma har ya mutu bai taɓa ɗaga ido ya kalli abin da ke ciki ba. Kamar laya ce, ba wanda ke farke fatar don ya ga kyan rubutun, kasancewar abin a ciki shi ne magana. Ko shahararren Hachiman ɗin nan da masassaƙi Kaikei ya yi a 1201, wanda yake haikalin Todaiji a Nara yanzu, sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, ran 5 ga Oktoba.

To tunda ba don kallo aka yi ba, masassaƙin bai damu da ya fitar da yatsu da gwiwa da ninkin riga ba. Abin da ya dame shi itacen. Sau da yawa daga bishiyar da ake girmamawa a wurin ake yanko gungumen, ko da tana da kulli ko ruɓa ko karkacewa a haka za a yi aiki da ita, kuma ana so siffar ta fito daga gungume ɗaya ba tare da an rage shi da yawa ba. Shi ya sa za ka ga jiki kamar turke, hannaye a ɓoye cikin hannun riga, gwiwoyi 'yan guntaye don ba a so a ɗauro wani katako daga waje a haɗa. Fuska ce kawai ake zama a kanta. Sauran adon, wato zanen riga da gemu da gira, da tawada da launi ake yin su a kan farar ƙasa, kuma wannan "ɗan sauran fari-fari" da ka gani a fuska shi ne ragowar wancan shimfiɗar. Rashin gamawar nan ba aibi ba ne, amma kuma fa ba shaidar tsufa ba ce, ka riƙe wannan.

Tsagar bayan ma daga nan ta samo asali. Masu sassaƙa manyan gumakan Buda sun daɗe da gano cewa in ka bar cibiyar itace a cikin aiki sai ya tsage, don wajen yana bushewa ya tsuke kafin cikin, shi ya sa suke rarake cikin ta baya, daga baya ma suka koma harhaɗa katakai da yawa, irin yadda masassaƙi Jocho ya yi babban gunkin Buda Amida na haikalin Byodoin a 1053. Masu yin na kami da yawansu ba sa rarakewa, suna barin cibiyar a ciki da gangan. Sai ka ga tsaga ɗaya doguwa ta taso daga gindi ta bi baya ko gefen fuska. Wanda ya san kayan, in ya ga wannan tsagar hankalinsa kwanciya yake yi, in ya ga an cike ta da garin katako da gam kuwa sai ya ajiye ya wuce.

To na ƙarni na 12 ne?

Zai iya yiwuwa, don a ƙarshen zamanin Heian, wanda ya kama daga 794 zuwa 1185, an yi ƙanana irin wannan da yawa a ƙauyuka. Na farkon, na ƙarni na 9 da na 10, manya ne masu kauri da zurfin sassaƙa, gwiwa a baje kamar ta Buda. Ana shiga ƙarni na 11 da na 12 sai suka riƙa ƙanƙancewa suna sauƙaƙa. A wurin haƙa na tsohuwar tashar jirgin ruwa ta Shiotsu, a arewacin tafkin Biwa, an tono wasu na ƙarni na 12 'yan mitsi-mitsi kamar tsawon tafin hannu, in ka gan su a kasuwa sai ka ce wasan yara ne. Saboda haka santimita 28 da guntayen ƙafafu ba su kore maganar takardar ba.

Matsalar ita ce salon bai tsaya a 1185 ba. In gunkin ƙauye ya ruɓe ko gobara ta cinye shi, kafintan garin zai kalli tsohon ya yi sabo irinsa sak, da hular da aka daina yayi tun shekara ɗaruruwa. Haka aka yi ta yi a zamanin Kamakura, da Muromachi, har cikin Edo wanda ya kai 1868. Japan tana da wuraren bautar Shinto kusan dubu 80, ka ƙiyasta yawan abin da aka sassaƙa a tsawon wannan lokacin. A abin da na gani da idona, in an kawo min irin wannan da tambarin "Heian" a jiki, mafi yawa sukan tashi na ƙarni na 15 zuwa na 18 ne. Ba jabu ba ne, tsofaffi ne na gaske kuma an yi bauta da su, kawai dai dillalan da can suna da saurin hannu wajen rubuta Heian, don shi ne sunan da ke sa mai saye ya buɗe jaka. In ka ce in yi hasashe ba tare da na riƙe shi ba, nan zan ajiye naka, sai in wata shaida ta ja shi baya.

Bayan na Heian na gaske da waɗanda aka kwaikwaya daga baya, sai kuma na uku, wanda aka yi jiya aka tsufar da shi. Wannan ba sai na yi maka dogon bayani ba Alhaji, kai da ke cikin harkar sassaƙen Afirka ka fi ni sanin abin da hayaƙi da binnewa a ƙasa da man takalmi suke yi wa sabon itace. Su ma can suna da gwanayensu, kuma nasu ya fi wuyar kamawa saboda suna samun tsoffin ginshiƙan haikali da na gidaje masu shekara ɗaruruwa su sassaƙa a kai.

Akwai kuma 'yan uwansa da ake rikita su da shi. Masu gadin ƙofar wurin bauta, zuishin, su ma kayan fada suke sawa amma suna riƙe da baka da kibiya kuma yawanci a kan kujera suke da ƙafa ɗaya a sauke. Akwai Tenjin, wato Sugawara no Michizane, bafaden da ya mutu a gudun hijira a 903 aka mayar da shi kamin ilimi, shi kam an yi siffarsa ba adadi don gidaje da makarantun yara, in ka ga tambarin furen fulam mai ganye biyar a ƙirji to shi ne. Ebisu da Daikoku na kicin kuma ba sa ɓuya, gajeru masu dariya, baƙi ƙirin da hayaƙin murhu.

Abin da nake dubawa in an ajiye min shi

Ni ba fuska nake fara kallo ba, kifa shi nake yi a kan matashi in kalli gindi. A nan ake ganin zoben shekarun itacen da inda cibiyar take, kuma a nan ake ganin da me aka yanke shi. Kafin wajen ƙarni na 15 Japanawa ba su da babban zarton tsaga katako a tsaye, da turaku suke fasa gungume ya bi jijiyarsa, sannan su daidaita shi da gizago da wata wuƙa mai kama da mashi, wadda take barin 'yan kwarin sawu kamar ganyen dogonyaro a jere. In na ga gindi sumul kamar an goge da inji, ko layuka masu lanƙwasa irin na zarton lantarki, to ko dai sabo ne ko wani ya yanke ruɓaɓɓen gindin daga baya, dole a bambance. Sannan in ɗauke shi in ji nauyi, in sunsuna. Itacen hinoki da na wata bishiya da suke kira "kaya" su ne aka fi amfani da su, akwai kuma itacen kusu mai ƙamshin kafur wanda ko bayan shekaru masu yawa in ka kai hanci cikin tsaga za ka ji shi. Tsohon hinoki da ya bushe sosai ba shi da nauyi, har sai ka yi mamaki.

Hudar ƙwaro kuma ita ce wurin da masu jabu suka fi faɗuwa. Ƙwaron da ke cin irin wannan itacen tsutsarsa a ciki take yawo, tana bin jijiyar itace a ƙarƙashin fata, ba ta fitowa sai ta zama ƙwaro, sannan ta huda ɗan rami zagayayye na milimita 1 zuwa 2 ta fice. Wato a aikin gaske abin da za ka gani a waje ɗige-ɗige ne kawai, ɓarnar tana ciki. In ka haska tocila daga gefe ka ga dogayen hanyoyi a buɗe suna ratsa kumatu ko kafaɗa kamar an ja layi, alhali wurin bai goge ba bai ɓantare ba, to itacen ya riga ya ci ƙwaro kafin a sassaƙa shi, wuƙa ce ta yanko hanyoyin ta buɗe su. In kuma ramukan duk girmansu ɗaya ne kuma ka zura siririyar allura ta tafi miƙe, to da abin huda aka yi su, ƙwaro ba ya tafiya miƙe. Ka duba cikin tsagar ma, tsohuwar tsaga cikinta ya yi duhu da ƙura daidai da waje, sabuwa kuwa fari tas.

Sai tawada. Da yawa daga cikin na baya-bayan nan, musamman na Muromachi da Edo, akwai rubutu a gindi ko a baya: sunan zamanin sarauta da shekara, sunan wanda ya biya kuɗin aikin, wani lokaci har ƙauyen. In aka karanta aka ga Genroku to tsakanin 1688 da 1704 ke nan, in Tenpo ne 1830 zuwa 1844, magana ta ƙare ba sai an je ɗakin gwaji ba. Rubutun kan dushe har ido ya kasa gani amma kyamarar infrared tana fito da shi, don tawadarsu ta kunkunniya ce. Kuma ka lura, takardar Faransancin nan a daidai inda ake irin wannan rubutun aka manna ta. Mai yiwuwa amsar tambayarka tana ƙarƙashinta. Duk da haka kar ka sa farce, akwai yadda ake ɗaga ta da ɗan danshi a hankali a mayar, aikin mai gyaran takarda ne.

Za a ce maka ka yi gwajin kabon 14. Yana da amfani amma ka san iyakarsa kafin ka biya. Shi gwajin shekarar da zoben itacen ya daina girma yake faɗa, ba ranar da aka sassaƙa ba, kuma hinoki bishiya ce mai shekara ɗaruruwa, in an ɗebi samfur kusa da cibiya zai iya girme wa sassaƙar da shekara 200 ko 300 cikin sauƙi. Ga kuma masu aiki da tsohon ginshiƙi da na faɗa. Saboda haka in sakamako ya ce itacen na ƙarni na 17 ne, maganar Heian ta mutu murus, amma in ya ce na ƙarni na 11 ne bai tabbatar da komai ba, ƙofa kawai ya bari a buɗe. Daga wajen 1650 zuwa 1950 ma gwajin ba ya iya rarrabewa sosai. Akwai ƙidayar zobe da cibiyar binciken kayan tarihi ta Nara ta ƙware a kai, wadda take iya ba da shekara takamaimai a itacen hinoki da na sugi, sai dai tana son zobe kamar 100 ko fiye, ƙaramin abu irin naka ba lallai ya samar ba.

Ta ina ya fito daga Japan

Wannan ita ce tambayar da ba ka yi ba, kuma a wurina ta fi ta shekarun nauyi. Abin da aka kulle a ƙuryar ɗakin bauta, yaya aka yi ya zo kwali a Burasel? Hanya ta halal tana nan. A 1868 gwamnatin Meiji ta ba da umarnin a raba Shinto da addinin Buda, aka fitar da duk abin da ke da kamannin Buda daga wuraren bautar kami, aka ƙona wasu, aka jefar da wasu, aka sayar da wasu a banza. Hachiman ɗin Kaikei ma a lokacin ne aka ɗauke shi daga wurin bautarsa na Tamukeyama aka mayar cikin Todaiji. Bayan 1906 kuma aka haɗe dubban ƙananan wuraren bauta na ƙauye aka rushe, kayansu suka watsu. A wannan tsakanin ne Turawa suka yi ta kwasa, Henri Cernuschi ya je a 1871, Émile Guimet ya je a 1876, kowannensu ya dawo Faransa da kaya har aka yi gidan tarihi da sunansa. To in takardarka ta wancan lokacin ce, da tsohon rubutun hannu ko lambar wani dillali ko ta wani gwanjo, ita kanta dukiya ce, wani lokaci ta fi gwajin kabon amfani.

Ɗaya hanyar ita ce sata, kuma ba tsohon labari ba ne. Ƙauyukan Japan suna ta zama kufai, tsofaffi kawai suka rage, wuraren bauta da yawa ba mai kwana a ciki, ɓarayi suna shiga su kwashe, kuma tunda ba wanda ya taɓa ganin abin balle ya ɗauki hotonsa, ko an kai ƙara ba a san me za a nema ba. A jihar Wakayama abin ya yi yawa har gidan tarihin jihar ya haɗa kai da ɗaliban makarantar fasaha suna buga kwafi da firintar 3D, a ajiye kwafin a ƙauye a kai na ainihin gidan tarihi. Mu da aka yi wa irin wannan da kayan Nok ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ta fuskar doka, tun 1950 Japan take da dokar kare kayan tarihi, wadda aka yi bayan gobarar haikalin Horyuji ta 1949. Duk abin da aka yi wa rajista a matsayin dukiyar ƙasa ko muhimmin kayan tarihi ba ya fita. Sauran tsoffin kaya suna fita, amma da takardar shaida daga hukumar al'adu, Bunkacho, cewa ba ya cikin waɗancan. Japan ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970, ta hana fataucin kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba, a shekarar 2002. Manyan gidajen gwanjo irin su Christie's da Bonhams abin da za su fara tambayarka ke nan, tun yaushe yake Turai kuma ina shaida. Saboda haka ka koma wurin masu gwanjon tun maganar tana da ɗumi, ka karɓi rasit mai bayanin kwalin da ranar, ka roƙa su tambayi magada ko akwai tsohon hoton falo da abin ya fito a ciki, ko wasiƙa, ko littafin da mamacin yake rubuta abin da ya saya. Magada suna zubar da irin waɗannan takardun a makon farko, ka yi sauri.

Farashi kuwa ba zan faɗa maka lamba ba, ba aikina ba ne kuma tazarar tana da faɗi ƙwarai tsakanin na Edo marar takarda da na Heian mai tarihi. Ka kai wa sashen kayan Japan na gidan gwanjo biyu daban-daban ka ji bakinsu, kar ka sayar wa wanda ya yi maka kimar. Kafin nan ka buɗe shafin gidan tarihi na Metropolitan da na Cleveland, suna da hotunan irinsa kyauta, Cleveland ma sun yi babban baje koli na kayan Shinto a 2019, ka saba wa idonka. Hukuncin cinikin gunki a addini kuma fagen malamai ne, su za ka tambaya, ni itace na sani.

Mai, ƙwaro, da maganar Kano

An taɓa kawo min wata ta mace, mai dogon gashi har kafaɗa, wani dillali ya shafe ta da man katako don ta yi sheƙi. A hoton da aka ɗauka kafin ya taɓa ta ana ganin 'yan furanni da aka zana da tawada da ja a hannun rigar. Man ya shige farar ƙasar ya mayar da ita ruwan ƙasa, furannin suka nutse, kuma mai in ya shiga busasshen itace irin wannan ba ya fitowa duka ko me za ka yi. Masu sayen kayan Japan busasshiyar fatar nan mai toka-toka suke biya wa kuɗi. Ko ƙura ce ta dame ka, burushi mai laushi irin na kwalliya, kuma ka kauce wa duk inda fari ko launi yake, don yana tashi kamar garin alli. Ka riƙe shi ta gindi da hannu biyu, ba ta hula ba, hular ce ke fara karyewa.

Tsagar kuma numfashi take yi, tana buɗewa da rani tana tsukewa da danshi. Ka cusa mata abu mai tauri, in itacen ya zo tsukewa ya rasa wuri sai ya fashe ta wani gefen.

Ƙwaron ka fara gano ko yana raye. Ɗora shi a kan baƙar takarda a inda ba mai taɓawa, ka bar shi mako biyu ko uku. In ka ga sabon gari mai haske ya taru a ƙarƙashin wani rami to akwai mai rai, in ba komai sai tsohuwar ƙura mai duhu da ke zubowa in an motsa shi, to sun daɗe da tafiya. In akwai, ba fiya-fiya ba kalanzir ba feshi. Ana saka shi a wata leda ta musamman a rufe ruf a cire iskar oksijin na mako uku zuwa huɗu ko fiye, ƙwaro da ƙwai duk su mutu ba tare da an taɓa launin ba, masu gyaran kayan tarihi a nan Beljiyam suna yi kuma ba tsada can ba. Firiza da wasu ke sawa tana aiki a kan itace zalla amma ban yarda da ita ba a kan abu mai fenti. Kafin nan ka raba shi da sauran kayan shagonka.

Kano kuwa a'a. Irin wannan itacen yana son danshin iska kashi 50 zuwa 60 cikin 100, kuma abin da ya fi cutar da shi shi ne hawa da sauka. Kano da hunturu danshi yana faɗuwa ƙasa da kashi 20, a watan Agusta ya haura 70, ga zafin kwantena na makonni a teku da tashar jirgi, ga gara a sito. Shekara ɗaya ta isa tsagar ta kai fuska, farin ya zube. Ga shi masu sayensa ba a can suke ba, kuma ranar da za ka sake fito da shi daga Najeriya sai ka yi wa kwastan da hukumar gidajen tarihi bayanin cewa ba kayan ƙasa ba ne. A Burasel ɗin ma ka nisanta shi da hita da taga, ka naɗe shi da farar takarda marar asid ka sa a kwali a cikin kabad na ɗakin da ba a cika ɗumamawa ba, ban da ɗakin ƙasa mai laima.

Daga siffantawa iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, ko hoto ma ba ya maye gurbin riƙewa a hannu, amma zai rage hanya. Ka turo min hoton gaba da baya da gefe biyu a hasken rana ba filashi, da na gindi da ruler a gefe, da na takardar kusa-kusa yadda za a karanta rubutun, da ɗaya na fuska da tocila daga gefe a ɗaki mai duhu. Ka auna nauyinsa a sikelin kicin ka haɗo da shi.